Ra'ayinmu: Bindiga Ba Ta da Ƙafa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ran Lahadi ya san abin da ake nufi da arzikin kan iyaka. Tun da sassafe za ka ga shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna kwararowa daga ƙasar Adar da ma gaba da ita. Ga motocin albasa da wake da gero, ga 'yan canji da ɗaurin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya hannun, ga dillalai da mahauta da 'yan dako da masu sayar da abinci, kowa yana neman halalinsa. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya kuwa ba a magana. Daga Illela zuwa birnin Sakkwato bai kai kilomita 90 ba. Gari irin wannan, in da ana zaune lafiya, ya isa ya riƙe kansa ya kuma riƙe maƙwabtansa.

To, amma ba a zaune lafiya. A farkon watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga Amarawa, a ƙaramar hukumar Illela, suka sace wani ɗan kasuwa. Mutanen gari suka bi sawu don su ƙwato ɗan'uwansu, aka kashe aƙalla goma daga cikinsu. Ran 17 ga Oktoba na wannan shekara aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Nuwamba aka afka wa ƙauyukan Illela da na Goronyo, aka sake binne fiye da 40. A watan Disamba aka tare motar matafiya a Gidan Bawa, ƙasar Sabon Birni, aka ƙona ta da mutane a ciki. A watan Agusta na 2024 kuwa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai gidajen rediyo. Na ƙauyukan da ba su da mai yi musu magana, sai Allah.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da muke ji daga mahukunta bai wuce ta'aziyya da alkawarin ƙaro sojoji ba. Mu a wannan mujalla muna ganin akwai tambayar da ake tsallakewa, ita ce kuwa: ina waɗannan mutane suke samun bindigogi, wa kuma yake kai musu harsashi? Bindiga ba ta tsira a gona kamar gero, ba ta faɗowa daga sama kamar ƙanƙara, ba ta kuma da ƙafar da za ta taka daga inda aka ƙera ta zuwa dajin Gundumi. Wani ne ya sayar, wani ya ɗauko, wani ya gani ya kau da kai. Muddin ba a bi wannan sawu ba, to ana saran reshe ne an bar saiwa.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin abin da fifikon makami ke yi wa al'umma. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal, wadda ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar musu bindigar toka da albarushinta. Shekara tara bayan haka, a watan Mayu na 1899, rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Ran 15 ga Maris na 1903 dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka tsaya a filin Giginya da dawakai da masu da takubba da kibau, Turawan Ingila kuwa da bindiga mai ruwa. Ba ƙarancin jaruntaka ne ya kayar da Sakkwato ba. Daga nan Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin Illela da Ƙonni, suka raba 'yan ɗaki ɗaya zuwa ƙasa biyu. Abin da kakanninmu suka gani a hannun baƙi, shi ne yau manomin Kalmalo ke gani a hannun ɗan ƙasarsa: shi da sanda da adda, wancan da bindigar da gidan harsashinta guda ke ɗaukar harsashi 30.

Kada wani ya ce mana sata da faɗan manoma da makiyaya sababbin abubuwa ne. Tun zamanin zamanai ana satar shanu, ana ɓarnar gona, ana zuwa gaban hakimi ko alƙali a sasanta. Ɓarawon da yakan zo da dare, a ɓoye, yana tsoron kukan kare da kururuwar mata. Abin da ya sauya shi ne makamin da ke hannunsa. Da AK-47 a kafaɗa da babur a ƙarƙashinsa, yaron da bai kai shekara 20 ba sai ya kori gari guda da rana tsaka. Haƙiƙa talauci da zalunci da ƙwace burtali da makiyaya da rashin adalci a kotuna su ne busasshiyar ciyawar, ba mu musanta ba. Amma bindiga ce ashanar, ita ce kuma ta mai da rigimar ƙauye ta zama sana'ar da ake tara miliyoyi da ita.

Ina take fitowa? Hanyoyin a bayyane suke ga mai son gani. Ta farko ita ce ta hamada. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makaman Libiya suka zama na kowa, kaya suka malalo kudu ta Agadas da arewacin Mali, yaƙe-yaƙen Sahel kuma suka riƙa juya su daga hannu zuwa hannu. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal, babu kogi babu dutse, kuma a gefen kowace ƙofar kwastan akwai ɓarauniyar hanya da babur da jaki ke bi. Ta biyu ita ce ta teku: a watan Janairu na 2017 kaɗai jami'an kwastan sun kama bindigogi 661 a cikin kwantena ɗaya a Legas, aka kuma ci gaba da kama wasu a cikin wannan shekara. Ta uku ita ce maƙera ta gida, inda wasu maƙera suka tashi daga ƙirar bindigar farauta suka koma ƙirar ta kisan mutane.

Ta huɗu ita ce wadda ba a son faɗi, watau rumbunan gwamnati. Wata cibiyar bincike mai suna Conflict Armament Research ta fitar da rahoto a watan Janairu na 2020 a kan makaman da aka kama a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta samu waɗanda asalinsu Libiya ne, da na rumbunan Kwaddibuwa, da waɗanda aka ƙera a Turkiyya, ta kuma samu waɗanda a da suke hannun jami'an tsaron Nijeriya. Bugu da ƙari, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa watan Disamba na 2018 akwai makamai da harsasai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, cikinsu har da AK-47 guda 88,078. Mun san cewa wasu an ƙwace su ne daga hannun jami'an da aka kashe a bakin aiki, Allah ya jiƙansu. Amma ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ne ya shiga daji, ya isa ya hana jiha guda barci. Kuɗin talaka aka ɗiba aka sayo bindigar don a tsare shi, ita ce kuma aka juyo aka auna shi da ita.

Akwai wani abu da muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kansa. Bindiga irin AK-47, in ana shafa mata mai, takan yi shekara da shekaru tana aiki, saboda haka waɗanda suka riga suka shiga daji ba za su ruɓe da kansu ba. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janiba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Tattara waɗannan aiki ne na shekaru. Harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Ɗan bindigar da ya ɓarar da harsashi ɗari yau, tilas gobe ya nemi wani ɗarin, in bai samu ba abin da ke hannunsa ya zama gora. Ke nan kullum akwai mai safara a kan hanya, a cikin buhun hatsi, ko a ƙarƙashin kujerar mota, ko a cikin jarkar manja. Daɗin daɗawa, a gindin kwanson harsashi akan sami alamar masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi. Duk kwanson da aka bari a ƙasa bayan hari shaida ce. Sau nawa aka tsince su aka rubuta, aka gwada da littafin rumbu? A nan ne maƙogwaron wannan fitina yake, nan ya kamata a shaƙe.

Bari mu duba abin da wannan hali ya jawo wa ci gaban ƙasa, domin ba a ƙirga asarar bindiga da gawa kaɗai. Manomin gabashin Sakkwato a wurare da yawa ba ya shiga gonarsa sai ƙauyensu ya biya 'yan bindiga kuɗin noma, ba ya girbi sai an biya na girbi. Iyayenmu sun yi shekaru suna fafutukar a soke haraji da jangali, har gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke su a 1979. Yau ga harajin ya dawo a bakin bindiga, babu rasit, babu ɗaukaka ƙara. Gonar nesa, wadda ita ce mai yalwa, an bar ta ta zama saura. Shanun huɗa an sace, waɗanda suka rage an karyar da su da arha. In aka sace mutum ɗaya, dangi gaba ɗaya ne ke talaucewa, don sai an sayar da gona da rumbu da kayan ɗakin mata kafin a haɗa kuɗin fansa. Jarin da zai sayi taki da injin ban ruwa, ko ya biya kuɗin makarantar yaro, shi ne ke komawa daji ya sayo wata bindigar.

Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da malamin gona, waɗanda su ne fuskar gwamnati a ƙauye, kowa na neman a mai da shi birni, kuma ba mu ga laifinsu ba. Mai naƙuda ba ta da halin fita da dare. Allurar rigakafi ba ta kai ga yaran da suka fi bukatarta. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihohin Maraɗi da Tawa suna gudun hijira, mutanen da a da su ne ke ciyar da baƙo. A cikinmu nan akwai ɗaliban da in an yi hutu ba sa iya zuwa gida, akwai waɗanda suka bar karatu don an sayar da abin da ake biya musu da shi. A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068 wadda za ta tashi daga Illela ta dire Badagiri a bakin teku. Madalla da wannan. Sai dai hanya ba ta da amfani ga manomin da bai noma abin da zai ɗora a kanta ba.

Wane magani aka gwada? Na farko shi ne rufe iyaka. An rufe ta a 1984 har zuwa 1986, a daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan zamani suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, lokacin da aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfum. An kuma rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris na 2024. A kowane karo wanda ya sha wuya shi ne mai albasar da ta ruɓe a kan mota, da ɗan dako, da direba, da mai sayar da fura a tasha. Mai safarar makamai dama ba ta ƙofa yake bi ba. Hujja kuwa ita ce, a watan Mayu na 2020, iyaka tana garƙame, aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Haka nan a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23. Ana tsakiyar wannan ne aka yi kisan kasuwar Goronyo. Mafi muni ma, saurayin da aka rufe wa hanyar halal shi ne gobe za a ɗauka aikin dakon haram.

Magani na biyu shi ne kowa ya nemi tasa. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi wannan kira a 2021, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle kuma ta ce a 2022 jama'a su nemi lasin mallakar bindiga. Mun fahimci zafin da ya haifi wannan magana, ba kuwa za mu zauna a inuwar ɗakin karatu mu zargi wanda aka kashe wa ɗa don ya nemi abin kare sauran ba. Amma mu dubi abin da ya biyo baya a inda aka gwada. 'Yan sa-kai sun fara da tsaron gari, wasunsu suka ƙare da yanke hukunci a kasuwa a kan duk wanda ya yi kama da Bafillace, kamar yadda aka gani a Mamande, ƙasar Gwadabawa, a watan Oktoba na 2021. Ramuwar kuwa a kan talakan da bai ji ba bai gani ba take sauka. A Gudu da Tangaza, wajen 2017 zuwa 2018, wasu al'ummomi sun yi maraba da baƙi masu makamai don su kore musu ɓarayin shanu. Waɗannan baƙi su ne Lakurawa, waɗanda suka juyo suna karɓar dukiyar mutane da sunan zakka, har Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda a watan Janairu na 2025. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bindigar da ta shiga gari ba ta tambayar dalilin da ya sa aka sayo ta. In fitinar yau ta wuce, tana nan tana jiran rigimar gado da ta zaɓe.

Dokoki kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai dokar bindigogi ta 1959. Ƙungiyar ECOWAS ta ayyana dakatar da shigo da ƙananan makamai a Abuja a 1998, ta mai da shi yarjejeniya a 2006. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai, aka kuma sa hannu a dokarta a 2024. Nijar ma tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994. An ƙona bindigogi a bainar jama'a a Tumbutu a 1996, an ƙona a Agadas a 2000, amma tawaye ya dawo a ƙasashen biyu bayan 'yan shekaru. Zamfara ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47 a 2020, kisa bai tsaya ba. Darasin ɗaya ne: kwashe ruwa daga ɗaki ba ya amfani in ba a toshe inda rufin ke yoyo ba.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, a ƙidaya kowace bindiga da kowane akwatin harsashi da ke rumbunan soja da 'yan sanda da sauran masu kayan sarki, har da rundunar tsaron al'umma da Jihar Sakkwato ta kafa a 2024, a buga wa kowace lamba, a riƙa bincike ba tare da sanarwa ba. Wanda makami ya ɓace a hannunsa ya yi bayani a gaban shari'a, komai girman muƙaminsa.

Na biyu, duk makami da kwanson da aka samu bayan hari a rubuta shi a bi asalinsa, waɗanda aka kama kuma a lalata su a gaban jama'a da zarar an gama shari'a, kada a mai da su rumbun da za su sake zurarewa.

Na uku, a daina tsayawa ga ɗan aiken da aka kama da buhu. A kai shari'a ga mai kuɗin da ya aike shi, a kuma bayyana wa jama'a hukuncin da aka yanke.

Na huɗu, a bar ƙofar Illela a buɗe ga fatauci, a ba ta na'urorin bincike da ma'aikata masu isasshen albashi, a mai da ƙarfin sintiri kan ɓarayin hanyoyi. Ko da yake Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, ba ta tashi daga inda Allah ya ajiye ta ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, tana nan; a yi aiki da ita, a kuma sa sarakuna da shugabannin kasuwa da na direbobi na Illela da Ƙonni a ciki, don su suka san baƙuwar fuska.

Na biyar, a tabbatar da adalci ga manomi da makiyayi baki ɗaya, a kuma tsare sirrin wanda ya kai rahoto. Mutum ba zai tona asirin mai safara ba in ya san kafin ya iso gida labari ya riga shi zuwa daji.

Daga ƙarshe, maganarmu ta koma kanmu. Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe kaɗan wani daga cikinmu ne zai tsaya a shingen kwastan, wani zai riƙe mabuɗin rumbun makamai, wani zai zama magatakardan kotu, wani akawun ƙaramar hukuma. Ranar da direba zai miƙo maka 'yar takarda a dunƙule don kada ka ɗaga tamfol, ka tuna ba ka san abin da ke ƙarƙashin buhunan ba, ba ka kuma san ƙauyen da za a sauke shi ba. Yana yiwuwa naku ne. Ranar da babba zai ce ka sa hannu a kan lissafin da ba ka ƙidaya da idonka ba, ka tuna mutanen Amarawa da suka bi sawun ɗan'uwansu ba su dawo ba. Masu nazarin tarihi da tattalin arziki da shari'a a cikinmu kuma, ga fagen bincike a ƙofar gida: a rubuta abin da ƙauyukanmu suka yi asara, gona nawa, makaranta nawa, kasuwa nawa, don kada gobe wani ya ce bai sani ba. Da hannun mutane bindiga ta iso, da hannun mutane kuma za a tare ta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya, amin.

Kwamitin Editoci